Badaru Dillali a Zauren Zane

Ni ne Lawwali mai kilishi. Shekara ashirin da biyu katanga ɗaya ce ta raba gidana da na Badaru a Runjin Sambo, saboda haka duk abin da zan faɗa a kansa ba ji na yi ba. Dillalin shanu ne a Kara, kasuwar dabbobi, kuma bakinsa ba ya hutu. In ka zauna majalisarmu bayan la'asar, kafin shayi ya tafasa ka ji yadda ya sayar da saniya mai ido ɗaya ga wani Alhaji mai ido biyu, da yadda sa ɗaya ya bi ta hannunsa sau uku kafin azahar, kowa ya tafi yana sa masa albarka. Mun ji labaran nan har mun haddace. In ya manta wani wuri, mu muke tuna masa.

Abu ɗaya ne bai taɓa yin alfahari da shi ba, shi ne sana'ar 'yarsa Jannatu. Zane take yi a kan jemammiyar fatar akuya, irin jar nan tamu. Ta rina wani wuri, ta kankare wani wuri, ta ɗinke fata da fata har su zama faffaɗan abu da ake ratayewa a bango. Ba ta zana fuska, mutanenta duk bayansu ake gani. Shekara shida tana wannan aiki, uban yana wucewa yana ƙorafin ana ɓata fatar da za ta yi takalmi ashirin.

Sai wata Hajiya Zulaihatu ta ga aikin. Ita ce mai Zauren Zane da ke Sama Road. Sana'arta ita ce ta ɗauki masu zane, tsofaffin hannu da sababbi, ta rataye aikinsu, ta nemo musu masu saye daga Abuja da Legas, ta cire kasonta. Bana ta shirya baje koli ta sa sababbi uku a ciki, har da Jannatu, ta ce a cikin ukun nan mutum ɗaya tak za ta riƙe, su sa hannu na shekara biyu. Jannatu ba ta da burin da ya wuce ta zama ita ce ɗayar nan. Har ramewa ta yi.

Badaru bai ko ɗaga kai ba sai ranar da ya tambaye ta a gabana, cikin raini, nawa Hajiyar take cirewa.

"Arba'in cikin ɗari, Baba."

Ya ajiye kofin shayi. "Arba'in? La'ada arba'in?" Ya miƙe tsaye. "Lawwali, ka ji? Ashe dillaliya ta! Ashe sana'ata ta anka ɗauka anka sa mata esi!"

Tun daga ranar ya zama masanin zane.

Jajiberin buɗewa ya ja ni muka je ganin wuri. Muna shiga ya tsaya cak. Ɗaki fari fat, sanyin esi har ƙashi, kaya sha biyu a rataye nesa da juna, kowa yana magana ƙasa-ƙasa kamar an zo gaisuwar rasuwa.

"Ɗakin da ka cin shanu arba'in," ya ce, bai ko rage murya ba. "Dubi asara."

Hajiya Zulaihatu ta fito suka gaisa. Mace ce mai natsuwa, ba ta ɗaga murya, amma in ta dube ka sai ka gyara tsayuwa.

"Hajiya, in mai saye ya shigo, wa ka yaba mai kaya?"

"Ba a yabawa, Alhaji. A kan bar shi ya duba, aikin ya yi masa magana."

"Aiki shi yi magana? Shekara talatin ina Kara, ban taɓa ganin saniyar da tas sai da kanta ba. To in anka saya hwa, ƙaƙa aka ganewa?"

"A kan sa masa jar alama."

Wayarta ta yi ƙara, ta nemi uzuri ta wuce. Da ta ƙara minti ɗaya da ta nuna masa cewa jar alamar ɗan ɗigon takarda ne da bai kai ƙwayar gyaɗa ba, kuma a bango ake manna shi, gefen aikin. Badaru ya zungure ni da gwiwar hannu.

"Ka ji? Jar alama. Dut ɗai da Kara."

A Kara kuwa, dabbar da aka saya fenti ake shafa mata a cinya.

Ya tambaya wanne ne babban aikin 'yarsa, aka nuna masa can ƙarshen ɗaki: fata shida a haɗe, ja da baƙi da ruwan ƙasa, wani abu mai kauri a tsakiya, abubuwa biyu sun miƙe sama. Daga bakin ƙofa ya hango shi ya yanke hukunci.

"Sa na. Kuma ya yi tozo."

Ba zan ɓoye ba, ni ma daga nesa sa na gani.

A hanyar fita Jannatu ta tare shi, idonta jajur don rashin barci. "Baba, don Allah, gobe ka zo ka zamna, ka sha zoɓo, ka gaisa da mutane. Shi ke nan."

"Ni? Ko tari ba ni yi."

Bayan la'asar ya kira ni gefe, ni da Dodo mai keke Napep, ya shimfiɗa mana shirinsa. Hajiya, in ji shi, mutuniyar kirki ce amma ba ta san kasuwa ba. Wanda kayansa ya fi tsada shi za a riƙe, wannan ko yaro ya sani. Saboda haka gobe ni Alhaji ne daga Kaduna, Dodo Alhaji ne daga Kano. In mai saye na gaske ya taya, mu ma mu taya, kuɗi ya hau.

"In na taɓa hula, ku ƙara. In na tura hannu aljihu, ku tsaya."

Na ce masa wannan dabara ko a Kara dillalan kirki ba sa yin ta.

"Dillalan kirki ɗiyarsu ba ta cikin gasa," in ji shi.

Na yarda. Yarinyar nan a gabana aka raɗa mata suna, kuma ina son ta samu. Har yau ina jin kunyar yardar da na yi.

Washegari da hantsi muka shirya. Na sa rigata ta Salla, na zazzage mata turare don in danne warin kilishi, sai suka haɗu suka zama wani wari na uku. Dodo ya aro babbar rigar surukinsa, wadda ta fi shi tsawo da kamu guda, yana tafe yana share hanya. Badaru ya riƙo sandarsa ta Kara, aljihunsa ya yi wani kumburi da ban tambayi dalilinsa ba. A keken Dodo muka je. An ce masa ya ajiye shi can nesa, amma Dodo ba ya yarda kekensa ya ɓace masa da gani, sai ya shige da shi harabar ya tsayar da shi dab da wata ƙofar ƙarfe inda yake da inuwa.

Wuri ya cika. Malaman makaranta, 'yan jarida, matan manya, samari masu gilashi. Badaru ya karɓi zoɓo ya zauna kamar yadda ya yi alkawari. Zaman bai kai a sha rabin kofi ba.

Kusa da aikin Jannatu akwai wani farin ƙyalle babba, layi uku na shuni ne kawai a jikinsa. Wani dattijo mai tsohon kaftani da silifa yana tsaye gabansa. A ƙa'idar Badaru, in dabbarka tana ɗaure kusa da ta wani, aikinka na farko shi ne ka kushe ta wanin. Ya tafi da sandarsa.

"Malam, kak ka ɓata lokacinka nan. Wanga kaya bai ƙoshi ba. Layi ukku kurum! Mai shi henti ya ƙare mai."

"Ƙila," in ji dattijon. "Kwana nawa kake gani ya ɗauka yana yi?"

"Kwana? Tsakanin azahar da la'asar, har da alwala."

"An ce shekara biyu."

"Wanda yag gaya maka ya cuce ka. Ni ko kyauta anka ba ni, sai dai in tace koko da shi."

"Zai tace kuwa, saƙar hannu ce."

Ana haka Jannatu ta iso, ta durƙusa har ƙasa. "Malam Ƙasimu, ina kwana." Ta juyo ga ubanta. "Baba, wanga shi na malamina. Aikinshi na kuke kallo. Shi da Hajiya za su zaɓi wanda za a riƙe."

Ni da nake gefe na ji kamar in shige cikin rigata. Badaru ko ƙiftawa bai yi ba.

"Na sani mana! Malam, mu can Kara abin da kaka so shi kaka kushewa."

"To saya, Alhaji."

"Bari kasuwa ta ci tukun."

Malam Ƙasimu ya yi 'yar dariya ya wuce. Nan aka kira sababbin uku su shiga ofis, Hajiya da Malam za su tattauna da su ɗaya bayan ɗaya. Jannatu ta biyo ta wajena, ta dubi rigata, ta dubi ta Dodo.

"Baba Lawwali, wane biki aka yi?"

"Naki mana, ɗiyata."

"Don girman Allah ka riƙe min shi har in fito."

Na ce ta kwantar da hankalinta. Ƙofar ofis ta rufe.

Akwai wata baƙuwa daga Abuja, Dakta Hindu, wadda aka ce ta saba sayen irin waɗannan abubuwa. Ta daɗe tsaye gaban babban aikin Jannatu, ta matsa, ta ja baya, ta sake matsawa. Can ta dubi takardar farashi da ke hannunta ta ce da wadda suka zo tare, "Wannan zan ɗauka. In Hajiya ta fito a gaya mata."

"Albarka!"

Duk ɗakin ya juyo. Badaru ne, ya riga ya tsaya tsakaninta da fatar.

"Albarka me, Alhaji? Kuɗinsa a rubuce yake, dubu ɗari huɗu, kuma ban nemi ragi ba."

"Rubutu na takarda na, Hajiya. Ciniki na baki na. Ni na uban mai kaya." Ya naɗe rigarsa a kafaɗa, ya ɗaga sanda. "Ku matso, jama'a, kallo kyauta na! Dubi tozo. Wanga tozo ba na ciyawa ba na, dusa ta da ƙaiƙayi. Dubi ƙaho, dut biyu sun tashi daidai. Dubi baya, tabarkalla, ya ci ya ƙoshi bai san wahala ba!" Ya ɗaga hannu biyu sama. "Na rantse da Wanda Ya yi ni, Sakkwato kaf babu irinshi!"

Dakta ta dubi fatar. Ta dubi Badaru. Ta sake duban fatar. Sai na ga ta kai gefen mayafi bakinta.

"Sa ne, Alhaji?"

"Bajimi!"

"Lallai. Yanzu na ƙara ganinsa da kyau."

Badaru ya taɓa hula. Na yi gyaran murya na ce, "Ɗari huɗu da hamsin."

"Kun ji Alhaji daga Kaduna! Albarka!"

Dakta, da alama abin ya fara yi mata daɗi, ta ce, "Ɗari biyar."

Ya taɓa hula. Dodo ya ce ɗari shida, da wata murya da ya aro tare da rigar. Dakta ta ce shida da hamsin. Idon Badaru ya yi ƙyalli. Da ya tsaya nan, wallahi da yau wani labari nake ba ku. Ya tura hannu aljihu, muka yi shiru, yana shirin sallamawa, sai aka ɗauke wuta.

Watan Afrilu ne, a Sakkwato, a ɗakin da tagoginsa ba sa buɗuwa, mutum ya fi sittin. Aka ce a yi haƙuri yanzu za a tayar da janareta. Janareta bai tashi ba. Cikin minti biyu gumi ya keto wa Badaru daga tsakiyar kai. Ya zaro hankici daga aljihun nan, ya ɗaga hula ya goge.

"Ɗari takwas!" in ji Dodo.

Badaru ya zabura, ya mayar da hannu aljihu. Gumi ya gangaro masa cikin ido. Ya ture hular baya.

"Miliyan ɗaya!"

Na ja rigar Dodo. "Kai, tsaya! Da wa kake takara?"

"Ya taɓa hula."

"Zuhwa ta!"

"Ni ba a ce min zuhwa ba, hula anka ce."

Badaru ya rasa yadda zai yi, ya cire hular gaba ɗaya yana kaɗa wa Dodo ita alamar ya bari. Dodo ya ga wannan ai ta wuce taɓawa.

"Miliyan biyu!"

Samarin nan masu gilashi duk sun ɗaga wayoyi suna ɗauka. Dakta ta juyo a hankali ta ƙare wa Dodo kallo tun daga hula har inda rigar ta taru a ƙasa.

"Alhaji daga ina?"

"Kano."

"Ikon Allah, garinmu. Wace unguwa?"

"Can dai... bayan tasha."

"To madalla. Na bar wa Alhajin bayan tasha." Ta koma gefe ta naɗe hannu.

Na matsa kusa da Badaru na ce masa a kunne mu gudu tun da sauran mutunci. Ya ce, "Kai ba ka san ciniki ba. Na san irinsu. Bari ta ga alama ta hau, hankalinta shi tashi, ta bi Dodo waje tana roƙo. Sauran kayan ma a wawashe su." Ya cafke hannun Dodo ya girgiza. "Na sallama! Allah Shi sa albarka!"

Sai ya tura hannu cikin kumburin aljihun nan, ya fito da ɗan gwangwanin jan fenti da tsinke mai tsumma a baki.

Na gane abin da zai yi. Na kai hannu in riƙe shi, hannun babbar riga ya naɗe ni, kafin in warware ya gama. Da'ira ya zana, faɗin faranti, ya ja mata layi a tsakiya, alamarsa da kowa ya sani a Kara, daram a kan abin da ya kira cinya. Fentin ya fara gangarowa.

Wata mata ta yi salati.

Ana cikin haka maigadi ya leƙo yana haki. "Salamu alaikum! Don Allah wa ad da keke cikin haraba? Ya toshe ƙohwar ɗakin janareta tun ɗazu, an kulle kan kuma!"

Shekara goma sha ɗaya Dodo yana amsa irin wannan kira. Bakinsa ya riga hankalinsa.

"Ga ni nan tahe!"

Ya zaro makulli daga rigar suruki, ya tattare ta a hannu, ya ruga. Alhajin da ya sayi kayan miliyan biyu yanzun nan aka ji yana ta fama da keke a waje, yana ƙin tashi. Dariya ta fashe a ɗakin har wasu suna dafa bango, ni ina ta neman inda zan sa fuskata. Dariyar ce ta fito da na ofis.

Jannatu ce a gaba. Ta ga fentin. Ba ta yi ihu ba, ta dai tsaya, hannunta biyu a sake.

"Ɗiyata, kak ki damu," Badaru ya tarbe ta. "An ɗan samu tangarɗa, amma na ɗaga miki shi. Kowa nan shaida na, sa irin wanga..."

"Wane sa, Baba?"

"Wanga mana."

"Baba, aje sandar. Ja baya. Ƙara. To duba."

Janareta ya tashi, fitilu suka kama.

"Wanga da kac ce tozo, rigarka ta da kaka naɗewa bisa kahwaɗa. Ƙahonin hannuwanka na, lokacin da kaka yi ma mai saye rantsuwa. Wata huɗu ina zuwa Kara da hantsi, ina laɓewa bayan buhunan dusa ina kallonka. Kai na, Baba."

Ni ma na ja baya na duba, sai ga shi. Ga hular da ta karkace hagu, ga ɗan sanƙon da ke leƙowa ƙarƙashinta, ga dunduniyar takalmin da ta cinye gefe ɗaya. Badaru ne sak, ta baya, a tsakiyar turken shanu. Jar alamar kuwa ta zauna masa daidai mazaunai.

"Ni tun da ya ɗaga hannu na gane shi," in ji Dakta.

Wani daga baya ya ce, "Ashe Alhaji anka sayar!" Aka sake kwashewa.

Badaru bai ji su ba. Yana tsaye da gwangwani a hannu yana kallon fatar, kallon da bai taɓa yi wa aikin yarinyar nan ba tun da ta fara. Can ya ce, a wata ƙaramar murya da ban san yana da ita ba, "Haka bayana yar rankwahwa?"

Sai a lokacin Jannatu ta fashe da kuka. Na ji tausayinsu su biyun har idona ya kawo ruwa, kuma na ji haushin kaina fiye da na kowa.

Hajiya Zulaihatu ta taɓa fentin da ɗan yatsa ta shinshina. "Fentin mai ne. Ya shiga fata, ba ya fita." Ba ta ɗaga murya ba, shi ya sa abin ya fi ciwo. "A kan wannan aikin za a auna ta. Sauran ukunta ƙanana ne. Ba zan sa hannu da mutum a kan abin da babu shi ba, ga wasu biyu sun kawo nasu lafiya lau."

"Hajiya, laihina na," in ji Badaru. "Ki ci tarata, ki kai ni inda za ki kai ni. Yarinya ba ta sani ba."

"Ba tara nake nema ba, Alhaji, aiki nake nema."

Malam Ƙasimu ya gyara tsayuwa. "Hajiya, in sa baki? Mutum ya tsaya gaban kansa ya yabi ƙoshinsa, ya rantse babu irinsa a Sakkwato. Dillali ya shaidi kaya, ni ma na shaida. Hannun yarinyar yana nan. Baje kolin nan sati uku zai yi, ki ba ta zuwa ranar rufewa."

Hajiya ta goge ɗan yatsanta. "Sati uku. In ta kawo wani kamarsa, mu zauna. In ba ta kawo ba, shi ke nan."

"In ta yi, nawa ne," in ji Dakta. "A kuɗin takarda, ba na bayan tasha ba."

Jannatu ta share hawaye. Ta ce wancan wata huɗu ya ci, sati uku ba zai isa ba, sai fa in mai bayan zai tsaya mata kullum ta riƙa kallo tana yi.

"Ni tsaya," in ji Badaru. "Ko shekara ta, ni tsaya."

Haka aka yi. Kullum in ya dawo daga Kara da azahar, ya yi salla, sai ya fito ƙofar gida inda haske ya fi kyau, ya fuskanci katanga, ya naɗe riga a kafaɗa, ya ɗaga hannu biyu sama. Jannatu tana bakin zaure da fatunta da kwanonin rini. Sharaɗi ɗaya ta sa masa: ba magana, domin in ya yi magana rigar tana motsi.

Kafin kwana biyu bidiyon ya zagaye Runjin Sambo har Unguwar Rogo. Majalisarmu ta tashi daga gindin dogonyaro ta dawo bayansa. Mahauta in za su wuce sai sun tsaya.

"Nawa anka taya wanga?"

"Ya ci dusa kuwa, tabarkalla."

"A duba haƙori tukun, kamar ya manyanta."

Dodo kuwa in ya zo wucewa da fasinja sai ya rage gudu ya nuna musu, ya ce ya taɓa sayen wancan miliyan biyu. Kana ganin ƙeyar Badaru tana rawa, wuyansa yana kumbura da amsoshin da suka taru, sai Jannatu ta ce, "Baba, riga." Ya haɗiye. Ashatu matarsa ta aiko wa matata da tuwo, ta ce tun da aka kawo ta gidan ba ta taɓa jin kukan tsuntsu da rana ba sai bana.

Amma in faɗi gaskiya, bai taɓa fashi ba ko rana ɗaya. Hannu ya sage, ya sauke ya yarfe ya mayar. Ranar da aka yi cinikin shanu tirela guda a Kara da la'asar, aka aiko kiransa, ya girgiza kai bai juyo ba.

Ranar Laraba ta satin ƙarshe na leƙa zauren in ga inda aka kwana, don hankalina ya fara tashi. Na tarar Jannatu tana ɗinkin wata 'yar jakar fata. Babban aikin babu shi.

"Ke, ina kayan?" na tambaya a hankali.

Ta dubi bayan ubanta, ta rage murya. "Na gama tun Asabar, Baba Lawwali. Hajiya ta aiko an ɗauka, Malam ya gani. Shekaranjiya munka sa hannu."

Na ji wani daɗi ya tsarga mini har tafin ƙafa. "Alhamdu lillahi! To shi wanga bawan Allah mi shika yi tsaye?"

"Ƙananan nan ukku suna rataye hal Jumma'a, masu saye na ta zuwa. Jiya na ji shina tambayar Dodo ko akwai sauran henti kore." Ta zare allura. "In shina nan tsaye, na san inda shike."

Daga jikin katanga Badaru ya yi magana ta gefen baki, bai juyo ba.

"Jannatu, in sauke hannu?"

"Saura kaɗan, Baba."

Na ja kujerata na zauna, na zuba shayi.